Fentin Yaya Sani da Sunan Wani a Jikin Gwangwani

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Sani, malamin kimiyya a wata sakandare a Kazaure. Ban taɓa rubutu a kansa ba sai bana, kuma ba da daɗin rai nake yi ba.

Yaya ya daɗe yana mamakin ganyen bado na bakin dam: ruwa ya zuba a kai, ya dunƙule, ya gangare, ganyen bai jiƙe ba. Mu kuwa duk damina ƙofofinmu sai sun kumbura, su ruɓe daga ƙasa. Ya ce rigar da Allah ya yi wa ganyen nan zai kwaikwaya ya yi wa katako. Shekaru ya yi a zauren gidanmu yana haɗa kakin zuma da sinadaran da yake sayowa daga Kano, har ya samu fentin da ruwa ba ya jiƙawa. Daga baya ya ƙara garin ƙarfe, har maganaɗisu ya riƙa kama allon katako, malamai su manna hoto ba ƙusa.

Amininsa Habu, abokin koyarwarsa, kullum yana gefensa. Kwano ɗaya suke ci, Innarmu "ɗana" take ce masa. Ranar sadakar ukun Yaya, Habu ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, aikin nan na Sani ne. Duk inda ya kai, da sunansa zai kai."

Bara na shiga wani shagon kayan gini a Babura, na ga fentin Yaya jere a gwangwanaye, da hoton bado, da sunan Habu shi kaɗai. Na kuma ji shi a rediyo yana cewa tun yarinta tunanin ya zo masa. Da na same shi, ko kunya babu ya ce, "Hajara, wanda ya mutu me zai yi da suna?"

Na kasa gaya wa Inna. Har yau tana sa masa albarka bayan kowace sallah.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Na san zai ji daɗin ganin kafintoci daga Roni har Gwiwa suna shafa wa ƙofofi abinsa. Sannan abin da Habu ya yi zai ci masa rai.

Aikinsa na amfanar gidajen da ba su taɓa jin labarinsa ba, kuma lada ba ya ɓatan hanya wurin Allah. Amma ya bar 'ya'ya uku, yanzu sun isa karanta jarida. 'Ya'yan Yaya, idan kun karanta wannan, ku sani, mahaifinku ne ya yi fentin nan. Allah ya jiƙansa.