Kwalbar da Ɗana Ya Kawo Gidan Suna

Ana tsaka da rabon masa a sunan jikata a Croydon, sai ga ɗana Sadiq da kwalin abin sha. Na zaro kwalba ɗaya, gabana ya faɗi. Tambarin kamfanin giya ne a jiki.

"Sadiq, mene ne wannan?"

"Mama, zero ce fa, babu barasa a ciki, ba ta bugarwa. Ba ki ga tallarta a jirgin ƙarƙashin ƙasa ba? Kowa ita yake sha yanzu."

Na nuna masa yaran da suka zagaye kwalin, suna karanta sunan da ƙarfi.

"Na ji ba ta bugarwa. Amma ga shi sun haddace sunan, kuma a gidanmu suka koya."

Ya mayar da kwalin mota. Zoɓo muka sha.

Iyaye, ku gaya mini gaskiya, na tsananta ne?