Darnin da Na Dasa a Salford

Ba ni na kawo wannan tsiron Ingila ba, amma ni aka aiko wa takarda. Kakannin Turawa ne suka ɗauko shi daga wata uwa duniya don ya ƙawata musu lambu. Ya tsallake katanga, ya bi bakin rafi da layin dogo har ƙurewar arewa, inda sanyi ya fi na nan Manchester. Shekara da shekaru sun kasa kama shi, sai ni suka iya kamawa.

Council, wato hukumar gari, ita ce ta ba ni ɗan fili a lambunan haya na Salford, nan gefen Manchester, ina shuka alayyafo da albasa. Filin ba shinge, duk namijin da ya gifta sai ya gan ni a sunkuye. Wata rana a bakin kogi na ga wani abu mai gaɓa-gaɓa kamar karan dawa, ya fi ni tsawo. Na ce alhamdulillahi, darni ya samu. Na tono saiwarsa na jera a gefen fili. Ko ruwa ban ba shi ba. Kafin shekara biyu ya rufe ni ruf, har ya ɓullo a tsakiyar kabejin tsohon Baturen da ke maƙwabtaka da ni. Shi ya kai ƙara.

Da kaina na karanta takardar, don ban zauna ajin manya da furfura ba don wani ya karanta mini laifina. Mako biyu suka ba ni, ko in yarda a yi wa tsiron feshin guba ko in mayar da makullin lambu.

Na tura wa 'yata hoton tsiron, likita ce a Birmingham. Nan take ta kira.

"Innalillahi! Umma, me kika dasa?"

"Darni."

"Wannan fa ta cikin daɓe yake ɓullowa! Kada ki sare, kada ki kai bola, guntun saiwarsa ma tsirowa yake."

"To in miya zan yi da shi, faɗa mini."

"Ki bari su fesa."

"Guba a kan alayyafona? Ke da ba ki iya bambanta rama da yakuwa ba!"

"Na ji, Umma. Ko alayyafon bana, ko filin gaba ɗaya."

Na kashe waya. Gaskiyarta ce ta fi ba ni haushi.

Washegari na kwashi bokitai na shiga jirgin ƙasan farko zuwa lambu. Na ciro alayyafon da ƙasarsa, gindi-gindi, na jera a bokitan a bakin ƙofar lambu. Sannan na ƙwanƙwasa wa shugaban lambun rumfarsa, na ce masa su zo su kashe abinsu, fili kam ba na bayarwa.