Ranar da Sirdin Malam Isiyaku Ya Juya

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin gidan saukar baƙi, akwai wata Asabar da har yau in na rufe ido nake ganinta kamar jiya. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna yawan tambayata abin da ya fi tsaya mini a rai. To, ga shi.

Lokacin da kuɗin man fetur ke zuba ne, muna ƙarƙashin jihar Kaduna. Turawa da Indiyawa sun cika yankinmu, wasu na aikin gona, wasu na aikin hanya, wasu na koyarwa. Maigidana Alhaji Mamman, wani ɗan kwangila mutumin Faskari, ya gina gidan saukar baƙi a gefen Mairuwa. Ni da ɗaukar faranti na fara, na zama shugaban masu hidimar tebur, daga bisani aka ba ni mataimakin manaja saboda ina jin Turanci gwargwado.

Wata shekara Alhaji ya je Ingila sayen injuna. Abokan cinikinsa suka kai shi wani tsohon gidan sarauta inda ake ciyar da baƙi irin cin mutanen da, ba cokali, ana ci ana kallon mahaya sanye da ƙarfe suna karo da dogayen masu. Da ya dawo ya kira ni ofis yana ta dariya.

"Lawal, ka ga mutanen nan? Biya suke a bar su su ci da hannu! Mu da muka gaji cin hannu da hawan doki, mi muke jira?"

Ni aka ɗora wa aikin. Muka share fili a bayan gidan, muka kewaye shi da zana, muka kafa doguwar rumfa a gefe guda aka jera tebura, aka ja igiya tsakanin rumfar da fagen. Abinci kuwa namu na gida: gasasshen rago, zabi, tuwon dawa a akushi, fura a ƙwarya. Wani tela a Ƙanƙara ya ɗinka mana lifidi, wato rigar yaƙi mai kauri da ake cusa wa auduga, ta mutum da ta doki. Masun karon na gora ne, an naɗe bakinsu da tsumma. Ana farawa bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Ni ne mai riƙe da lasifika, ina ba baƙi labarin baraden da ke fage da Turanci da Hausa.

Mahayanmu biyu manoma ne. Akwai Baba Nomau, Bamaguje daga Ruwan Godiya, ƙaton mutum mai baƙin doki da ƙarar murya. Akwai Malam Isiyaku daga Damari, siriri, mara yawan magana, mai farin doki. Ƙa'idar wasan ita ce su karo sau uku, a na ƙarshe ɗaya ya faɗo a kan tulin yashin da muka tanada. Mai faɗuwa yakan zare ƙafafunsa daga likkafa tun kafin mashi ya taɓa shi. Faɗuwar kuma karɓa-karɓa ce: wannan mako wannan, mako mai zuwa wancan. Haka muka yi ta yi lafiya lau, har mutanen biyu suka shaƙu. Baba Nomau kan tsare dawakai in Malam Isiyaku ya tafi salla, shi kuma Malam Isiyaku ya riƙa tsokanarsa da cewa wata rana sai ya ja shi sahu.

Asabar ɗin da nake ba ku labari ta faɗo bayan kaka, an gama girbi, kowa na da sukuni. Alhaji ya gayyato wasu masu yawo da baƙi 'yan buɗe ido daga Kaduna, shugabarsu wata Baturiya ce mai furfura. In wasan ya burge ta, za ta sa gidanmu cikin wuraren da motocinsu ke tsayawa. Abin da ba mu shirya masa ba shi ne labari ya riga ya kai ƙauyuka. Tun azahar mutanen Ruwan Godiya suka iso da gangunansu, na Damari kuma suka ciko babbar mota. Suka yi cincirindo a bayan zana, wasu har kan itatuwa.

Ranar kuwa Baba Nomau ne ke da faɗuwa. Ina duba tebura ya aiko a kira ni bayan barga.

"Malam Lawal, yau ba ni hwaɗuwa."

"Haba Baba, ai layinka ne."

"Na sani. Amma leƙa ka gani. Surukaina na nan, ɗiyana na nan, har jikoki. In sha ƙasa gabansu, da wane ido zan koma gida?"

Na juya wajen Malam Isiyaku. Yana ɗaure kwalkwalinsa, bai ko ɗago ba ya ce, "Makon jiya ni na sha yashi, Malam Lawal. Mutanen Damari ma ba kallon faɗuwata suka zo yi ba."

Na garzaya wajen Alhaji. Yana tsakiyar baƙi, ya ce mini a kunne, "Kai na ba fili. Ka san yadda za ka yi." Na koma na ce musu to, yau ba mai faɗuwa, a yi karo uku in yi shelar an yi kunnen doki. Suka amince, amma na ga idanunsu. Kowa ya ƙudurta a ransa cewa in da mai faɗuwa, to ba shi ba ne. Na roƙe su don Allah su sassauta hannu. Baba Nomau ya ce, "Ka ji mu da wasa, Malam?" Wannan amsar ba ta kwantar mini da hankali ba.

Aka kawo nama, aka busa ƙaho, suka fito. Karon farko ya wuce da kyau. A na biyu sai da gorar Malam Isiyaku ta tsage a kan garkuwar Baba Nomau, aka miƙa masa wata. Bayan zana ya ɗauki ihu, Turawa suka ajiye ƙasusuwan zabi suka miƙa wuya.

A karo na uku suka taho da gudun da ban taɓa ganin sun yi ba. Mashin Baba Nomau ya sami tsakiyar garkuwa. Malam Isiyaku ya ƙi sakin jiki, ya danne likkafa da ƙarfinsa. Ashe gumi ya sa majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi a cikin doki, ya saki. Sirdin ya juya gaba ɗaya ya koma ƙarƙashin cikin dokin. Malam Isiyaku ya zubo, ƙafarsa ta hagu na maƙale a likkafa. Dokin ya firgita ya ja shi a ƙasa, ya nufo rumfar baƙi kai tsaye.

Na ga mutane sun fara miƙewa, wata mata ta sungumi ɗanta. Na san in suka watse da gudu dokin zai ƙara haukacewa ya bi ta kansu. Na ɗaga wa makaɗa hannu suka tsaya cak, na sa baki a lasifika na ce da murya a kwance, da Turanci sannan da Hausa, kowa ya zauna inda yake, kada wanda ya motsa. Suka zauna.

Baba Nomau kuwa ya riga ya yar da mashi da garkuwa. Ya juya dokinsa wuri guda, ya sako shi, ya yanko ta gaban rumfa ya shiga tsakanin farin dokin da teburan. Da suka jera sai ya saki nasa linzamin ya diro, da nauyin lifidin nan duka, ya cafke linzamin farin dokin da hannu biyu ya rataye. Dokin ya ja shi a kan gwiwoyi, bai saki ba. Sai da suka kai daf da igiya dokin ya tsaya yana huci.

Muka ruga muka zare ƙafar Malam Isiyaku. Lifidi ya kare masa baya, amma idon sawunsa ya gurɗe. A can baya wasu samarin Damari da ba su ga abin da ya faru sosai ba sun fara hawa zana, suna cewa da gangan aka yi. Malam Isiyaku ya ji su. Ya ce mu ɗaga shi. Ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya dafa kafaɗata, ya kamo hannun Baba Nomau ya ɗaga sama yadda kowa zai gani. Samarin suka sauka.

Sai Malam Isiyaku ya dubi gwiwoyin Baba Nomau da suka yi jina-jina, ya ce, "Baba, ba kai ka ce yau ba ka faɗuwa ba?"

Baba Nomau ya tofar da yashi ya ce, "Wa ya hwaɗi? Sauka na yi."

Rumfa ta ɗauki tafi, gangunan Ruwan Godiya suka tashi, mutanen Damari suka shiga rawar. Baƙi da yawa sun ɗauka duk cikin wasan ne. Baturiyar nan ta taso fuskarta cike da murna, ta tambayi Alhaji ko haka ake yi kowane mako. Alhaji ya yafito ni in fassara, da yake Turancinsa na ciniki ne. Ya ce, "Ce mata e. Kuma daga yau a riƙa yin hakan."

Na rage murya na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. In na ce mata e, mako mai zuwa za ta kawo mutane su ga an ja mutum a ƙasa. Wa za mu ɗaure a jikin dokin?"

Ya zuba mini ido har na fara tunanin inda zan nemi wani aiki. Can ya ce, "Gaya mata abin da ka ga dama," ya juya.

Na gaya mata gaskiya: hatsari ne, kuma abin da ta gani mutumin nan ya yi ba wanda ya koya masa. Daga nan ta tsallaka igiya ta je inda ake wanke wa mutanen biyu raunuka, ta ba kowannensu hannu.

Alhaji ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata sai da kai. Ranar da motar farko ta iso daga Kaduna cike da baƙi, shi da kansa ya zo ofishina ya ce, "To, mai gaskiya, tashi ka tarbi mutanenka." Daga lokacin muka kafa doka: kafin kowane karo sai mahayi ya sauka an duba majayi, kuma kowa abokin karonsa ne ke duba masa. Wasan ya ci gaba shekaru, har lokacin da kuɗi suka ja baya Turawan suka watse.

Abin da na koya shi ne, aikinmu na nishaɗantar da baƙo ne, amma ba da jinin ma'aikaci ba, ba kuma da ƙarya ba. Baƙo zai ci ya ƙoshi ya tafi, ku ne za ku kwana da juna. Na yi wa manyan mutane hidima a rayuwata, gwamnoni da attajirai, amma in aka tambaye ni da wa na yi aiki, manoman nan biyu nake fara ambata.