Kwatar Bayan Ɗakin Malam Ilu

Duk wanda ya san gindin Dala ya san 'Yardada mai waina, in bai san fuskarta ba to ya san muryarta. 'Yar gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tun tana amarya take suya a tsakar gida, kuma ba a taɓa jin ta tsoraci wani abu ba sai daminar bana.

Gidansu ginin ƙasa ne, a jikin kwatar da ke gangaro da ruwa daga kan dutsen. Ɗakin mijinta Malam Ilu shi ya jingina da kwatar, bango ɗaya ne tsakani. Shi kuwa tun da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki yake kwance a ciki, ya kuma rantse ba mai fitar da shi, don nan aka yanke masa cibiya, nan ubansa ya cika.

Ɗansu na fari, Muttaka, yana digiri na biyu a jami'a. Aikinsa wai ya sa kwamfuta ta nuna yadda laka da duwatsu ke gangarowa a kwazazzabon manyan tsaunuka in an tafka ruwa. Rannan karambani ya sa ya auna kwatar bayan gidansu, faɗinta da gangarenta, ya zuba cikin lissafin. Ya dawo gida fuska ba annuri.

To 'Yardada ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, balle ta leƙa abin da ke hannunsa. Shi ma ya sani. Sai ya zauna a bakin ƙofar ubansa ya buɗe kwamfutar, ya ɗaga murya yadda za ta kai murhu.

"Baba, ka ga wannan jan abin? In ruwa ne zalla, sumul yake wucewa. In ya haɗu da laka da tsakuwa da shara kuwa, kashi-kashi yake zuwa. Na gaba ya yi nauyi ya cije, na baya ya hau kansa, sai ya taso kamar tozon sa. A kwanar nan tozon yake bugu. Bangonka ne kwanar."

"Yanzu Dalar ce ta zama dutsen Turawa?" in ji Malam Ilu, baki a karkace. "Katun ɗin yara na talabijin ka kawo min?"

"Ban ce lallai ba, Baba. Lissafin na manyan tsaunuka ne, ni na matsa shi ya shiga kwatarmu, zai iya ƙarya. Amma duk yadda na juya shi abu ɗaya yake nunawa. In ana ruwa kwata ta yi shiru, ba wucewa ya yi ba, taruwa yake a sama."

'Yardada ta dubi tanda ta ce mata, "Wasu dai an kai su boko sun dawo da mugun baki." Amma ranar sai da ta ƙona waina.

Maganar shara ce ta fi tsaya mata a rai. Kowa ya san al'adar unguwar: hadari na haɗowa mata su tattara shara, yayyafi na farawa a juye a kwata, ruwa ya yi rafin Jakara da ita. Ita ce ma sarauniyar abin. Daga ranar ta daina, ta bi gida-gida tana hanawa. Talatu maƙwabciyarta har da riƙe ciki don dariya.

"Yaya 'Yardada, yaushe kura ta tuba? To mu kai ta ina, ƙarƙashin gado?"

Ba wadda ta daina. 'Yardada ta koma kallon sama kamar manomi. In ta shiga kai wa Malam abinci sai ta faki idonsa ta shafa gindin bangon, kullum hannunta da danshi yake dawowa.

Ruwan ya zo wata la'asar, Muttaka na makaranta. Kwata ta ɗauki ruri, gwangwanaye na karo da bango, ƙasa na zubowa daga azara kan bargon Malam. Can sai kwatar ta yi tsit. Ruwan sama kuwa kamar da bakin ƙwarya.

"Kin ji ko? Ya wuce," in ji Malam Ilu. "Ina mai katun ɗin?"

'Yardada ta miƙe. Ta fita ƙofar gida, sai ga Talatu lulluɓe da buhu, kwandon shara a hannu. Ta fisge kwandon ta ajiye, ta jawo ta har cikin ɗaki.

"Kama can. Malam, ka yafe ni."

"Ke, me za ku yi? Ban yarda ba. 'Yardada, da igiyar aurena a kanki kike min haka?"

"In saki ne ka yi min a zaure, Malam. Talatu, ja."

Haka suka ja katifar da shi a kai, ta tsakar gida, cikin ruwa, yana kai wa 'Yardada duka da hannunsa mai lafiya. Ƙafarsa na shiga zaure suka ji wata ƙara daga sama kamar tifa na juye tsakuwa. Ƙasa ta motsa. Aka ɗan sarara, sai wata ƙarar ta biyo, wadda ta fi ta farko. Talatu ta durƙushe tana salati.

Bangon bai faɗi ba. Gindinsa dai ya cinye, ya dare tun daga ƙasa har azara, laka da ledoji suka malalo daidai inda kan katifar yake. Muttaka ya zo ya daɗe yana kallon tsagar, ya ce bai san ko zai ɗauki wani bugun ba, kwamfutar ma ba ta sani ba.

Shi Malam Ilu cewa ya yi tunda bango na tsaye, shi ke da gaskiya. Bai sake ta ba, amma ya daina kallon fuskarta. Ta sa wa ɗakin kwaɗo, ta ɗaure mukullin a bakin zani, ga damina ko rabi ba ta yi ba. Kullum da safe zai kira daga zaure, a mai da shi ɗakin ubansa.

"To, Malam," take cewa, "bari in gama suya."