Gidan da Aka Ce Babu Dabbobi

Wata Laraba ce a farkon watan Layya, shekarar da na shiga aji biyar. Na dawo daga lakwal, wato makaranta, da rana na tarar da kamiyo, babbar motar kaya, ta toshe layinmu na Zangon Kwatano. An yi ruwa da safe, tayoyinta sun nutse cikin yashi, 'yan zemijan masu haya da babur sai zage-zage suke suna raɓawa ta bakin kwata. Ana ta sauke raguna, udawa masu dogayen ƙafafu, gaba baƙi baya fari, sun sha tsayuwa tun daga Ƙonni. Na ƙarshen ɗauko shi aka yi, don ya kasa dirowa. Majina ta bushe ta toshe masa hanci, kwantsa ta manne idanunsa, bayansa duk zawo. Mai ragunan, Alhaji Isuhu, ya ɗan shafa wuyansa ya ce iskar mota ce, zai ware. Aka kora su duka cikin gidanmu.

Baba mai masauki ne, sana'ar da ya gada daga mahaifinsa. Fataken Nijar a gidanmu suke sauka, ya ba su ɗaki da abinci, ya raka su kasuwa ya tsaya musu a ciniki. Dokar gidan guda ce: baƙo da abin da ya zo da shi ba a nuna musu ƙofa. Sau nawa muka bar ɗakinmu muka kwana da buhunan albasa saboda wannan doka, ba mu ce uffan ba.

Amma tsakar gidan ba fili ba ne da babu mai shi. A nan awakin Inna suke, irin gajerun awakin kudun nan masu tumbi da taurin kai. Da su ta yi wa yayata kayan ɗaki, da su take fita kunyar biki da suna ba tare da ta miƙa wa kowa hannu ba. A cikinsu akwai tawa ta kaina, wadda kakata ta ba ni ranar da na fara zuwa lakwal. Ja ce, kewayayya, shi ya sa na sa mata suna Ƙosai. Kullum kafin in ɗauki jaka sai na share turke, na wanke daron ruwansu na jefa ɗan gutsuren kanwa. Da yamma in ɗauki bokiti in bi masu suyar doya da ayaba ina karɓar ɓawo, in haɗa da ganyen da aka kwance kafa, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye. Idan muna carafke da ƙawayena, Ƙosai ce mai zuwa ta sa baki cikin duwatsun ta ɓata mana wasa. Ta taɓa cinye mini shafin lissafi, malami ya ƙi yarda, na sha bulala, na dawo na yini ba na kula ta. A wancan watan cikinta ya tsufa, ina kwantar da kunnena a jikinta ina jin motsi.

Inna tana ganin ragon nan ta tsuke fuska. Ba ta magana da baƙi maza, don haka ta jira Baba ya shigo cin abinci, ta ajiye masa kwano ta durƙusa.

"Malam, a ɗaure wancan ragon a waje. Ba gajiya ba ce."

"Baƙon shekara da shekaru zan ce wa ya fitar da dabbarsa titi? Da wane bakin?"

Shi ke nan, magana ta ƙare. Ni da Inna muka janye awaki bayan ɗakin girki muka tare da tsohon kwanon rufi, amma wa ya taɓa tsare akuya da kwano? Kafin gari ya waye sun fito suna cin harawa baki da baki da ragunan, suna shan ruwa a daro ɗaya. Ragon da ake ta kare mutuncinsa kuwa, da ya fara nishi sai aka yanka shi shiru aka kai wa wani mai tsire a unguwar Jonke. Sauran suka shige kasuwa, aka saye su tas. Alhaji Isuhu ya yi godiya, ya bar wa Inna ragowar harawa tukuici, ya hau mota ya tafi yin Sallah a gida. Har yau in na tuna harawar nan sai in ji zuciyata na tafasa.

Ranar Sallah, ana ta ƙamshin suya a unguwa, awakin Inna suka ƙi cin abinci. Suka tsaya kai a ƙasa, jiki zafi rau, idanu na zubar da ruwa. Sai tari, sai gyambo a baki, sai zawon da warinsa ya hana mu cin nama. Babu abin da Inna ba ta gwada ba. Ta jiƙa ɓawon maɗaci ta ɗura musu, ta shafa musu man ja a leɓe, ta aike ni na sayo kafso mai ja da rawaya ta farke ta kaɗa a ruwa. Ni kuma na tare wajen Ƙosai da tsumma da ruwan ɗumi ina goge mata hanci don ta samu ta shaƙi iska. Awaki suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ƙosai ta yi ɓarin tagwaye, har gashi ya fito musu. Na naɗe su a tsohon ɗankwalina, na rasa inda zan kai su.

Sai a lokacin Baba ya hau zemijan ya ƙetare gada ya ɗauko likitan dabbobi daga wajen Akpakpa. Saurayi ne, da takalman roba har gwiwa, ba ya jin Hausa ko ta gaisuwa. Faransancin Baba bai wuce na ciniki ba, Inna kuma tana bayan labule, saboda haka ni aka tsayar a tsakiya ina mayar da magana. Likitan ya buɗe bakin Ƙosai, ya duba, ya girgiza kai. Ya ce annobar tumaki da awaki ce, idan ta kama babu maganin da ke kashe ta, sai dai a tallafa wa dabba a jira. Ya ce abin takaicin, tana da rigakafi, allura ɗaya tak. Daga nan ya ƙura wa Baba ido ya ce ya gane shi. Kafin damina shi da abokan aikinsa sun zo unguwar nan da allurar, sun tsaya a ƙofar masallaci suna tambayar magidanta, kuma wannan dattijon ya ce musu gidansa babu dabbobi.

Na tuna ranar. Na gan su da akwatin sanyi, na ɗauka masu ɗiga wa yara magani ne na wuce. Na mayar da maganar da Hausa kamar yadda ya faɗa, ban rage komai ba. Baba bai musa ba, ko alamar kunya babu, don a ransa gaskiya ya faɗa.

"Ni ya tambaya, ni kuma ɗan kasuwa ne, ba ni da dabbobi. Awaki ai na mata ne."

Labule ya motsa. Inna ta tambaye ni ko allurar ta zo har ƙofa, na ce har ƙofa. Ta saki labulen.

Kada a ɗauka Baba kaɗai nake jin haushi. Mutanen nan da suka yi karatu, aka ba su mota da allura, masallacin da suka tsaya yana manne da katangarmu. Kukan awaki yana shiga kunnensu. Ba su zo da mace ko ɗaya da za ta iya shiga cikin gida ba, ba su zo da mai jin Hausa ba. Suka tambayi mazan da ba su taɓa wanke daro ba, suka gamsu, suka koma ofis da allurarsu.

Washegari da safe Ƙosai ta miƙe wuya tana fizgar numfashi. Baba ya fito da wuƙa yana cewa a yanka kafin ta zama mushe. Na kwanta a kanta ina ihu, ya daka mini tsawa in tashi. Sai ga Inna, wadda ban taɓa jin ta katse shi ba, ta fito daga ɗakin girki da muciya a hannu.

"Mayar da wuƙarka, Malam. Ai kai ba ka da dabbobi."

Ya tsaya, ya dube ta, ya juya. Ƙosai ta mutu a cinyata kafin hantsi. Daga baya Baba ya sayo wa Inna wata akuya, ta ba wa maƙwabciya kyauta tun kafin a kwance mata igiya. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara kiwo ba.

Yau wannan cutar ita ce aikina. Rabin lokacina ina ɗakin bincike da jinin awaki a kwalabe, rabin ina yawo da akwatin sanyi, ƙauye da birni. Abokan aikina sun san halina, suna cewa ba ni da haƙuri da magidanta, kuma ban musa ba. Nakan gaishe su da ladabi, in ce Alhaji ina son ganin matan gida, in cire takalmi in wuce ciki. Bara ma wani a Zangon nan ya ce mini gidansa babu dabbobi, alhali ɗan akuya na leƙowa ta tsakanin ƙafafunsa.

Gidanmu yanzu an ɗora masa bene, an shafe tsakar gida da siminti, kamiyo kuma tana nan tana toshe layin duk watan Layya. Turken Inna guda ya rage a bayan ɗakin girki, na hana a cire. Duk ranar da na yi wa akuyar wata mata allura ta zabura ta gudu, sai in ji ina ma Inna ce ke riƙe da ita tana yi mini faɗa in yi a hankali. Allura ɗaya ce, kuma ta zo har ƙofar gidanmu.