Baba A-Hankali da Minti Ashirin da Biyar

Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, babbar 'yarka ta kira ni ta ce Allah Ya karɓi abinSa, bayan jinyar mako uku. Dukkanmu naSa ne, kuma wurinSa kowa zai koma. Ina kan tebur ina duba shafin gobe, sai na ajiye biro. Ɗakin labarai cike yake da matasan da ba su san ka ba, na rasa wanda zan juya in gaya wa cewa Baba A-Hankali ya tafi.

Shekara ashirin da shida ka yi kana tuƙi a gidan jaridar nan. Lokacin da na zo a matsayin sabuwar wakiliya, kai ke riƙe da farar motar wakilai, wadda ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai daga waje. Kullum kafin masinja ya buɗe ofis kana nan da bokiti da tsumma. Gorar ruwa biyu kake ajiyewa a ƙarƙashin kujera, ɗaya tamu, ɗaya ta injin, kakan ce kada wanda ya taɓa ta injin, don ya fi mu aiki. Ranar da aka kira ni cewa mahaifiyata ta faɗi, kai ka karɓi littafin rubutuna ka kai wa edita, ka ce in tafi, za ka yi bayani.

Wanda bai shiga motarka ba zai zaci laƙabinka na nufin ba ka gudu. Kana yi, idan hanya ta buɗe. Amma da zarar allon farko ya bayyana cewa ana aiki a gaba, sai ka koma wani mutum. Ka kashe rediyo, ka sauke gilashi, duk mai magana ka ce ya riƙe ta tukuna. Ka bar tazarar mota uku tsakaninka da na gaba. Kuma ba ka wuce ma'aikaci, ko mai shebur ne ko mai jar tuta, sai ka ɗaga masa hannu ya ɗago ya amsa. Mai ɗaukar hotonmu yakan ce Baba ƙuri'a yake nema, ya gaya mana kujerar da zai tsaya. Kai kuma ka ce gaisuwar ita ce ma'auninka: idan ka wuce mutum bai samu damar amsawa ba, to gudunka ya yi yawa.

A wata doguwar tafiya ka ba mu labarin cewa kafin ka riƙe sitiyari, shekara biyu ka yi kana riƙe tuta a bakin hanya. A can ka gane hon ba shi da amfani a wurin aiki, domin wanda ke tsaye kusa da katafila ba ya jin komai sai ita. Ka ce ba mashigar wurin ce ta fi haɗari ba, mafitarsa ce, inda sabuwar kwalta take farawa, kowa ya gaji da tsakuwa ya taka mota, alhali masu zana farin layi suna duƙe sun juya baya.

Na ji duk wannan da kunnena, Baba. Shi ya sa ba ni da uzuri a kan abin da na yi maka.

Shekara goma sha tara ke nan. An tura mu wani taron manema labarai a gari mai nisan awa uku, shi ne babban aiki na farko da aka ba ni. Muka tarar da aikin hanya, an mayar da motoci hannu ɗaya. Wasu direbobi suna kutsawa tsakanin gangunan da aka jera suna bin ɓangaren da aka rufe. Na ce ka bi su. Ka dube ni ta madubi ka ce, "'Yata, an rufe can ne don akwai mutane a kai. Labari idan ya wuce wani zai zo. Ƙafar mutum ba a kawo wata."

Muka isa ana kwashe kujeru. Washegari kowace jarida ta buga labarin ban da tamu. Edita ya wanke ni tas a gaban kowa, ni kuma na zauna na rubuta takardar ƙorafi cewa direba ya ɓata minti arba'in a hanya yana gaishe-gaishe. Ban duba agogo ba a ranar. Arba'in ce ta fi daɗin rubutawa. Kafin mako ya zagayo an ɗauke ka daga motar wakilai, an mayar da kai kan motar da ke jigilar takarda daga sito zuwa maɗaba'a, tafiyar da ba ta kai ta shan shayi ba. Kai da kake son doguwar hanya. A nan ka zauna har ka yi ritaya. Ba ka taɓa canja mini fuska ba. Ni ce na daina bin ƙofar baya, inda kuke ajiye motoci.

Bayan shekara shida na je yin rahoto a kan ma'aikatan hanya, na yi rabin yini tsaye tare da su. Zafin kwalta yana ratsa takalmina, iskar kowace tirela tana jan mayafina, mai hoto yana kirana daga taku biyu ban ji shi ba. Tun ranar na ce zan zo in ba ka haƙuri. Na sa wata, na ɗage. Na sa shekara, na ɗage.

Da na je gaisuwa gidanka, na tarar da Inna, mai ɗakinka, zaune a tsakar gida da 'yarka a gefenta. Na bari mutane suka ragu, sannan na faɗa musu komai, ina zaton ban da ni da edita ba wanda ya san mai takardar. Inna ta share ido, sai na ga tana murmushi. Ta ce ai tun a ranar aka karanta maka ita, har da sunana a ƙasa. Ka dawo gida ka ce yarinyar nan ta iya rubutu, wata rana ita za ta riƙe jaridar. Sai dai ka ce ranar tafiyar ka duba agogonka a allon farko na wurin aikin hanyar, ka sake dubawa a na ƙarshe.

Na tambaye ta ko ka tafi da ni a ranka.

"Haba 'yar nan," in ji ta, "kafin ya cire takalmi ya yafe miki. Arba'in ɗin ce dai bai taɓa yarda da ita ba. Har a asibiti ya tuna, ya ce ashirin da biyar ne."

A aikinmu, idan mutum ya yi kuskure yana gyara shi a inda jama'a za su gani. Ga nawa: minti ashirin da biyar ne, ba arba'in ba. Kuma ba ɓata su aka yi ba. Duk wanda ke aiki a kan hanyar nan ranar ya koma gida da ƙafafunsa. Kuskuren nawa ne, ba na direba ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya yafe maka kamar yadda ka yafe ba tare da an roƙe ka ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yanka biyar, da jikoki, da tsofaffin abokan aikinka direbobi. Allah Ya ba ku haƙurin rashi, mu kuma idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.