Askar da ta taɓa karnuka

Wanzanci na gada. Mahaifina ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya ratsa Sudan da zabirarsa a rataye, ya sauke farali, bai koma ba. A nan ƙasa mai tsarki, a unguwar Karantina, aka haife ni, cikin gidajen kwano da katako, kuma da ya rasu ni na ɗauki askarsa. Askin suna, cire beli, ƙaho, kaciya, duk ni ake kira. Ko dattijo ne ya gamu da ni a lungu sai ya tsaya mu gaisa.

Kafilina, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mini a wurin hukuma, wani attajiri ne mai son farautar barewa. Ban fi ganinsa sau ɗaya a shekara ba, lokacin sabunta iƙama, takardar izinin zama. Wata rana da hantsi direbansa, wani Bahaushen Sudan da muke sallar Juma'a tare, ya tsaya da mota a bakin lungunmu.

"Maigida na nemanka. Ka taho da kayan aiki."

Na ɗauka haihuwa aka yi a gidan. Har sabuwar riga na saka.

Ba a shigar da ni falo ba. Aka zagaya da ni baya, zuwa wani ɗaki mai fanka da shimfiɗar darduma. Karya ce kwance, irin dogayen karnukan farautar nan da suke kira salugi, da 'yan kwikwiyo shida waɗanda ko ido ba su buɗe ba. Kafilin ya ɗaga ɗaya, ya nuna mini wani ɗan farce a gefen ƙafar gaba, can sama, wanda ba ya taɓa ƙasa.

"Wannan nake so ka cire. In sun girma yana maƙalewa a ƙaya ko dutse wajen gudu, ya yage. An ce hannunka ba ya rawa."

Na ce, "Ya ammi, ranka ya daɗe, da askar nan nake yi wa 'ya'yan Musulmi aiki."

Ya yi dariya. "To ka wanke ta mana. Iƙamarka ba wata mai zuwa za ta ƙare ba? Yalla, maza fara."

Aka fitar da uwar, aka ɗaure ta a bayan ƙofa. Direban yana riƙewa, ina yankewa. Farcen ko tauri bai yi ba, kamar ƙwayar shinkafa da ta jiƙa. Kowane ɗaya ya yi ɗan tsuwa, uwar tana kartar ƙofa tana kuka. Na barbaɗa musu garin bagaruwa, jinin ya tsaya. Aikin ya yi kyau, wannan kam ba zan yi ƙarya ba. Kafilin ya dudduba, ya ce, "Halas, shi ke nan," ya fita bai ko dube ni ba.

A mota na roƙi direban ya rufa mini asiri. Ya ce haba, ai mun zama ɗaya. Ina isa gida na wanke askar sau bakwai, ɗaya da ƙasa, daga baya ma na jefa ta a masai, na sayi sabuwa.

Direban ba mugunta ya yi ba, na yarda. Labari ne mai ban dariya ya samu, ya ba da shi a wurin mai shayi. Kafin Juma'a ta zagayo babu gidan da bai shiga ba. Maƙwabcina da matarsa ta haihu, wanda ni na yi wa 'ya'yansa uku askin suna, ya aika har wata unguwa aka ɗauko masa wanzami. Na tare shi na ce na sauya aska. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ban ƙi ba, Malam. Mata ne suka ce hannun fa?"

Liman ya faɗa a gaban jama'a cewa abin da aka wanke ya tsarkaka. Kowa ya gyaɗa kai. Babu wanda ya kira ni.

Waɗanda suka kira ni su ne abokan kafilin. Ya yi ta yabona a majalisarsu, wai yana da wani Takaruri, kamar yadda suke kiran baƙaƙe irinmu, gwanin karnuka. Na je. Me zan ci in ban je ba? Shekara da shekaru ina shiga manyan gidaje ta ƙofar baya, ina durƙusawa a gaban kwikwiyo, a ɗakunan da suka fi wanda nake kwana da iyalina sanyi. Lokacin aikin hajji kuma in tafi Mina in aske alhazai, su da ba su san ni ba.

Da ɗana na fari ya isa kaciya, na wasa aska tun da safe, na tanadi magani. Na shiga ɗaki ban same shi ba. Matata tana tankaɗe, ta ƙi ɗago kai. Can wajen azahar sai ga mahaifiyata ta shigo da shi a goye, ƙato da shi, an ɗaura masa zane, yana sheshsheƙa.

Na ce, "Inna, ina kuka je?"

Ta kwantar da shi a tabarma, ta gyara masa zanen.

"Ka yi haƙuri," ta ce. "Yaron nan a cikin unguwar nan zai nemi aure."